Mutanen Da Ke Kama Kifi Su Sake Shi: Me Suke Nema A Ruwa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda suka ce data ta yi tsada da waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro.

Na san wasunku sun zo da shirin jin maganar tsadar rayuwa ko rashin aikin yi kamar yadda muka saba. To yau ku yi haƙuri, maganar kifi za mu yi. E, kifi. Kada ku kashe tukuna.

Kwanakin baya ina kwance da dare, barci ya ƙi zuwa, ina ta jan waya, sai YouTube ya jefo mini wani bidiyo. Wani dattijon Bature ne tsaye cikin rafi, ruwa har ƙugu, sanye da wandon roba da ya kai masa ƙirji. Yana ta kaɗa wata doguwar sanda, igiya na yawo a saman kansa kamar bulala. Can sai kifi ya kama. Ya jawo shi a hankali, ya sa shi a 'yar koma, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya, ya kalle shi kamar mai kallon jariri ranar suna. Sai kawai ya mai da shi ruwa. Kifi ya kaɗa wutsiya ya yi gaba, dattijo yana murmushi.

Na tura wa kawuna bidiyon. Shi masunci ne a yankin Yauri, tun kafin a haife ni yake su. Da safe sai ga saƙon murya, ya fi rabin minti yana dariya kafin ya iya magana. Ya ce, "Yaro, wannan ko dai taɓaɓɓe ne, ko kuma ƙoshi ne ya yi masa yawa."

Ni ma na yi dariya. Amma tambayar ta ƙi barina. Me zai sa mutum mai hankali ya kashe kuɗi, ya tsaya cikin ruwan sanyi wuni guda, ya kama abinci, ya sake shi? Sai na shiga karatu a kai, kusan sati uku. Abin da na tarar shi ne ba mutum iri ɗaya ba ne ke wannan abu. Suna tsaye a rafi ɗaya, da sanda iri ɗaya, amma kowa da abin da ya kawo shi, kuma sun fi shekara ɗari suna faɗa da juna a kai.

Bari in fara bayyana abin, don mu tafi tare. Turawa na kiransa fulai fishin, ni kuma a shirin nan zan ce masa fatsar ƙuda. Fatsar da muka sani, ka sa tana ko gara ko tuwo a ƙugiya, ka ɗaura ɗan dalma, ka jefa, nauyin dalmar ya ja zaren. Su kuma ba sa sa abinci ko kaɗan. Gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba suke ɗaurawa a jikin ƙugiya, su yi shi kamar ƙwaro. Wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyin da zai tafi in ka jefa shi, don haka igiyar ce aka yi mai nauyi, ita ke ɗaukarsa. Shi ya sa kuke ganin suna kaɗa sandar gaba da baya. Sandar takan kai kusan mita 3. Kifin da suka fi nema su ne tirawut da salmon, kifayen ruwan sanyi.

Kun san yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, kaji da kwaɗi da yara kowa ya ruɗe? Haka wasu ƙwari ke yi a rafukansu. Ƙwaron yakan yi shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa yana tsutsa, ranar da ya isa sai ya taso sama ya yi fiffike, ya rayu kwana ɗaya ko biyu, ya yi ƙwai ya mutu. A wannan lokaci kifi na tasowa yana cafka. Aikin mai fatsar ƙuda shi ne ya gane wane ƙwaro ne ke fita yau, ya zaɓi na ƙarya mai kama da shi, ya sauke shi a kan ruwa ba tare da kifin ya tsargu ba.

Kuma abin ya daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara su yaudari kifi. Waɗancan don ci suke yi. A Japan ma akwai salon da ake kira tenkara, sanda da zare da ƙuda kawai, wanda masuntan kan duwatsu suka riƙa yi don su sayar su ci abinci. Ka ga asali sana'ar talaka ce. Masu kuɗin Ingila ne suka mai da ita wasan ƙasaita.

To, mu je ga mutanen. Na farko da zan ɗauko shi ne wanda na sa wa suna mai aƙida. Shi wannan kama kifin bai dame shi sosai ba, yadda aka kama ne damuwarsa. Uban tafiyarsu wani mutum ne Frederic Halford, wanda ke fatsa a kogin Test a kudancin Ingila. A 1886 ya fitar da littafi kan ƙudan da ke yawo a saman ruwa. Koyarwarsa ita ce, sai ka ga kifi da idonka yana tasowa, ka jefa masa ƙuda busasshe da zai tsaya a saman ruwa, kuma ka jefa ta inda ruwa ke gangarowa. Almajiransa suka ɗauki abin suka ƙara masa gishiri, har ya zama duk wanda ya bar ƙudansa ya nutse, a wurinsu ba mutumin kirki ba ne.

Sai ga wani lauya, G.E.M. Skues, mai fatsa a kogin Itchen. Shi mutum ne mai lura. Ya riƙa buɗe cikin kifin da ya kama yana duba me ya ci, sai ya ga yawancin abincin tsutsar ƙwaron ce ta ƙarƙashin ruwa, ba mai fiffike ba. Ya ce to me zai hana mu yi kwaikwayon tsutsar? A 1910 ya rubuta littafinsa. Jama'a, ku zo ku ga rigima. Halford ya rasu a 1914, amma rigimar ba ta mutu da shi ba. A 1938 har zaman muƙabala aka shirya a kulob ɗin masu fatsar ƙuda da ke Landan, aka taru a kan Skues, lokacin yana da kusan shekara 80. A shekarar ya bar ɓangaren kogin da ya yi sama da shekara 50 yana fatsa a cikinsa. Yau kuwa? Salon nasa ne akasarin masu fatsar ƙuda a duniya ke amfani da shi, don shi ya fi kama kifi.

Ku riƙe labarin nan, zan dawo kansa, don wallahi da na karanta shi sai na ga kaina a ciki, kuma ba a ɓangaren Skues ba.

Na biyu shi ne mai ƙirga. Shi nawa aka kama, kilo nawa, shi ne zancen. Suna da gasar duniya da ake yi tun farkon shekarun 1980, ƙasashe irin su Faransa da Cek da Sifaniya sun yi suna a ciki. Alƙali na tsaye a bakin ruwa, ka kama, ya auna tsawo, ya rubuta, a sake. Ba zan daɗe a kansu ba, don mun san irinsu, su ne dai masu lissafin ƙwallon Ronaldo da Messi a majalisa. Amma akwai mace ɗaya da ta burge ni, Joan Wulff ta Amurka, wadda a 1951 ta shiga gasar nisan jifa ta ƙasa da maza zalla, ta kada su duka.

Akwai kuma mai kaya. Sanda goma, akwatin ƙuda ashirin, hula, tabarau, riga mai aljihu talatin, amma sau biyu yake zuwa rafi a shekara. Mu ma muna da su, wanda ya sayi kayan motsa jiki na dubu ɗari ya ɗauki hoto ya ajiye. A 1992 da aka fitar da fim ɗin A River Runs Through It, wanda Brad Pitt ya fito a ciki, aka nuna rafukan jihar Montana, sai jama'a suka yi ta tururuwa shagunan kayan fatsa. Tsofaffin hannu suna ta gunaguni wai 'yan fim sun cika musu ruwa.

Yanzu ga waɗanda suka fi ɗaure mini kai, masu ɗaurin ƙuda. Wasunsu ko rafin ba sa zuwa.

A arewacin Sikotilan, kusa da wani gari Brora, an yi wata mata Megan Boyd. Ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida mai kallon teku, shekara da shekaru ba lantarki. Tun tana yarinya ta koyi ɗaurin ƙudan salmon, ta yi ta yi har idonta ya gaza. Manyan masu kuɗi na Turai da Amurka layi suke bi, har Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, yana cikin masu sayen nata. A 1971 aka ba ta lambar girmamawa ta masarauta, kuma ana ba da labarin ta aika cewa ba za ta samu zuwa Landan karɓa ba, don ba wanda zai kula mata da karenta. Ta rasu a 2001. Abin mamakin, matar nan ba ta fatsa. Ba ta son ganin an kashe kifi. Ita dai ta zauna gaban taga, ta jera gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya har abin ya fito yadda take so. In ka taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ko mai aikin babbar riga a Zariya, ka ga yadda yake mance duniya, ka san irin mutumin da nake nufi.

Wannan son kuma yana da ɗaya fuskar. A zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da Ingila ke mulkin babban ɓangare na duniya, jiragen ruwa na kawo musu gashin tsuntsaye daga Indiya da Kudancin Amurka da tsibiran Nugini. Sai masu ɗaurin ƙudan salmon suka riƙa rubuta ƙa'ida, ƙuda kaza sai da gashin tsuntsu kaza. Yau yawancin tsuntsayen nan doka ta hana cinikinsu, amma akwai masu ɗauri da suka nace sai sun bi tsohuwar ƙa'ida harafi da harafi, ko nawa ne za su saya.

A watan Yunin 2009, wani saurayi Ba'amurke, Edwin Rist, ɗan shekara 20, ɗalibi mai koyon busa sarewa a babbar makarantar kiɗa ta Landan, ya hau jirgin ƙasa ya tafi garin Tring, inda gidan adana kayan tarihin halittu ke ajiye tsuntsayensa. Ya fasa taga da dare, ya cika akwati da fatun tsuntsaye 299. Wasu daga ciki masanin nan Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su tun shekarun 1850. Yaron ya riƙa fige su yana sayarwa ta intanet. Sai bayan fiye da shekara aka kama shi. Kotu ta yi masa ɗaurin wata 12 na jeka-ka-gyara-halinka, bai kwana gidan yari ba. Da yawa daga cikin tsuntsayen an cire musu takardar da ke nuna inda aka samo su da ranar, wato amfaninsu ga ilimi ya tafi ke nan. Kirk Wallace Johnson ya rubuta littafi a kan lamarin a 2018, The Feather Thief.

Ga abin dariyar, ko in ce abin takaici. Kifin salmon idan ya baro teku ya shigo kogi don yin ƙwai, ba ya cin abinci. Yana kai wa ƙuda cafka ne kawai, wataƙila don haushi ko don sabo. Ba ruwansa da ko gashin daga Nugini ya zo ko daga kajin bayan gida. Kuma irin wannan ƙuda mai tsada, a gilashi ake sa shi a rataye a bango, ba ya taɓa ruwa. Don Allah ku gaya mini, wannan son kifi ne?

Akwai wani rukuni da ba na iya yi wa dariya. Su ne masu neman sauƙin zuciya. A 2005 aka fara wani shiri a asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka, Project Healing Waters, ana koya wa sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da raunuka ɗaurin ƙuda da jifa. Kafin nan, a 1996, an kafa Casting for Recovery don matan da suka yi fama da sankarar mama. Kaɗa sandar na motsa hannu da kafaɗa a hankali bayan tiyata, ga kuma zama da waɗanda suka san irin ciwonka. Dalilin da ya sa abin ke aiki ba boyayye ba ne. Idonka na kan ɗan ƙuda kamar ƙwayar gero yana tafiya a kan ruwa, in ka ɗauke ido daƙiƙa ɗaya ka rasa. Kai ba ya samun sararin komawa ga abin da ke cinsa.

Na tsaya a nan na yi tunanin mutanenmu. Matasa nawa muka sani da suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, a Borno, a Zamfara, a Katsina? Ina suke zuwa su huta da kansu? Mun san inda da yawa suke ƙarewa, kwalba da ƙwaya. Ban ce a raba musu sandar fatsa ba. Na dai lura cewa wasu sun zauna sun yi tunanin inda mai rauni zai je ya sami shiru na awa uku, mu kuma iyakarmu "ka yi haƙuri".

To yanzu mu zo kan maganar kawu, sakin kifi. Wani Ba'amurke Lee Wulff, wanda daga baya ya auri Joan ɗin da na ambata, shi ya yi ta yaɗa wannan ra'ayi tun ƙarshen shekarun 1930. Lissafinsa mai sauƙi ne, masu fatsa sun yi yawa, kifi ya yi kaɗan, in kowa ya tafi da nasa gida, baɗi ba na kowa. Don haka suke matse ƙayar ƙugiya don ta fita da sauƙi, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi don kada su goge santsin da ke kare fatarsa.

Amma ba kowa ya yarda ba, har a Turai. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana wahalar da dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, kuma wanda ya je fatsa da niyyar sakin duk abin da ya kama don nishaɗi kawai zai iya samun kansa a kotu. Suwizalan ma ta hana fatsa da niyyar saki tun 2008. Wato Bajamushe ya fi kusa da kawuna a kan Ba'amurke. In za ka ci, kama. In ba za ka ci ba, ƙyale bawan Allah. Ni ma in kun tambaye ni, a nan na fi karkata. An tashe mu a kan cewa ba a mai da mai rai abin wasa. Ka soka wa halitta ƙarfe a baki, ka ja ta minti goma tana neman ranta, ka ɗauki hoto, ka ce ka ji tausayinta? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Sai dai kuma, in za a yi adalci, waɗannan masu sakin kifi sun yi wa koguna abin da mu masu ci ba mu yi wa namu ba. Wannan ne rukuni na ƙarshe, masu gadin ruwa, kuma su ne dalilin da ya sa na ce sai na yi shirin nan.

Mutumin da ke zuwa rafi ɗaya kowane mako shekara 30, yana ɗaga duwatsu yana duba ƙwari, shi ne farkon wanda zai san ruwa ya lalace, tun kafin wani jami'i ya sani. A Ingila sun mai da wannan tsari. 'Yan sa-kai, da yawansu masu fatsa, suna zuwa wuri ɗaya kowane wata, su tattara ƙwarin ƙarƙashin ruwa a faranti, su ƙirga, su rubuta. In adadin ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, su kira hukuma. A 2013 irin wannan ƙirga ce ta tona cewa wani maganin ƙwari ya shiga kogin Kennet ya kashe ƙananan halittu na tsawon kimanin kilomita 15. Ruwan a ido garau yake. Ba don masu faranti ba, da ba wanda zai sani da wuri.

Akwai Feargal Sharkey, tsohon mawaƙi daga Ailan ta Arewa. Ya yi suna a waƙa, ya koma fatsar ƙuda, ya ga rafin da yake so yana mutuwa. Sai ya bi diddigi, ya zama ƙaya a wuyan kamfanonin ruwa na Ingila. Alƙaluman hukumar muhalli ta ƙasar sun nuna a 2020 kaɗai an saki ƙazantar bayan gida cikin koguna da teku sama da sau dubu 400. Mutumin nan ba ya zagi kawai, da lamba yake zuwa gidan talabijin, har maganar ta zama ta zaɓe. A Amurka kuma, ƙungiyar Trout Unlimited da masu fatsa suka kafa a Michigan a 1959 tana cikin waɗanda suka haɗu da 'yan asalin Alaska da masuntan kasuwa suka yaƙi wani katafaren aikin haƙar ma'adinai a yankin Bristol Bay, har hukumar kare muhalli ta taka masa birki a Janairun 2023. Ku duba haɗin, mai kamawa ya saki, mai kamawa ya sayar, da mai kamawa ya ciyar da iyalinsa kamar yadda kakanninsa suka yi. A ranar da ba rigima, waɗannan ukun ba sa ga-maciji.

Na ce zan dawo kan Halford. Shekaru biyu da suka wuce muna da wata 'yar tafiya ta matasa, muna fita yashe magudanan ruwa kafin damina. Mutane iri-iri suka shigo. Akwai mai zuwa don abokansa na zuwa. Akwai wani bawan Allah da ba ya magana da kowa, ya zo ya yi aiki kamar inji ya tafi, daga baya muka ji rasuwar mahaifiyarsa ce ke cinsa. Akwai mai ƙirga buhun shara, kullum unguwarsu ta fi. Akwai kuma wata 'yar'uwa da takan zo da kwalliyarta, ta ɗauki shebur minti goma, ta yi bidiyo, ta hau Keke ta tafi.

Ni ne na tashi a taro na ce mu ba 'yan hoto muke nema ba, 'yan gwagwarmaya na gaskiya muke so. Ban kira suna ba, amma kowa ya san da wa nake. Aka tafa mini. Ba ta sake zuwa ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, kusan rabin sabbin fuskokin da muke gani kowane Asabar daga bidiyonta suke jin labarinmu, har mai shagon da ke ba mu aron baro. Kafin damina ta kai tsakiya mun koma mu 'yan tsirarun da muka fara. Masu aƙida zalla, ga kwata cike da leda. Na kira ta daga baya na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, Allah Ya yafe mana, amma ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan fatsa ta tsaya a Turai. Turawan mulkin mallaka sun kai kifin tirawut Kenya a 1905, suka zuba a rafukan tsaunin Aberdare don su riƙa tuna gida. Yau Kenya na cikin manyan wuraren da ake ɗaura ƙudan da ake sayarwa a shagunan Amurka da Turai. 'Yan Afirka ne ke zaune a teburi wuni guda suna ɗaurawa da hannu, akasarinsu ba su taɓa jefa ko ɗaya a ruwa ba. Kamar Megan Boyd, sai dai su ba yarima da ya san sunansu.

Ga kuma na kusa da mu. Kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Adamawa. Da rani baƙi na zuwa daga ƙasashen waje, su biya dubban daloli, su yi fatsar ƙuda. Da rana su nemi tsage, da dare su nemi giwan ruwa, e, giwan ruwanmu dai, da wani ƙaton ƙuda mai kama da ƙaramin kifi. Su kama, su auna, su saki. Masu shirya tafiyar na cewa kuɗin na taimakawa wajen gadin kogin daga masu taru da masu haƙar zinariya. Na yarda kogin na bukatar gadi. Tambayata dai ita ce, masuncin da aka ce kada ya jefa taru a wurin, nawa ke isa aljihunsa? In giwan ruwa mai rai ya fi mataccen daraja, to wanda ya haƙura da kama shi ya kamata ya fara gani a tukunyarsa.

Kuma hana kamu don kifi ya girma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, Matan Fada ba a su a cikinsa sai lokacin biki, akwai Sarkin Ruwa da masu kula da wannan doka, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗaga. Bikin a yadda aka san shi ya faro ne a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Wato tsarin muna da shi tun kafin Lee Wulff ya yi wa'azinsa. Abin da ban gani ba shi ne mai faranti. Wa ke zuwa kogin Challawa kowane wata, ƙasa da inda ruwan masana'antu ke shiga, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata? Wa ke yi wa Jakara, ko kogin Kaduna? Masunta sun sani sarai, za su gaya maka wane kifi ya ɓace da shekarar da ya ɓace. Mu masu digiri da waya ba mu je mun zauna da su mun rubuta ba.

Na sake kiran kawu na ba shi labarin Faro, na ce masa har kuɗi suke biya su saki giwan ruwa. Ya yi shiru. Can ya ce, "To ka ce musu in sun saki, su nuna masa hanyar Yauri." Na ce Kawu, ai sai ya gangara Binuwai har Lokoja, ya juyo ya hau Neja, ga dam ɗin Jebba, ga na Kainji, ba ta inda zai wuce. Ya ce, "Ka ga irin karatun naku, ko addu'a mutum ya yi sai kun kawo masa dam."

Na yi masa alkawarin zuwa Yauri bayan salla da littafi da biro, zai lissafa mini kifayen da yake kamawa yana saurayi waɗanda yanzu ba ya gani. In Allah Ya yarda zan kawo muku a wani shiri, da muryarsa in ya amince.

Kafin nan, duk wanda ke kusa da kogi ko tafki ko dam, ko yana da masunci a gidansu, ya tambaya mana shi wane kifi ne ya yi ƙaranci a wurinsu, ya rubuto mana sunan kifin da sunan ruwan a ƙarƙashin wannan rubutu. Ko da sunan da kuke kiransa a garinku ne, ku rubuto haka, za mu tattara.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.